Garwa Wacce, Kano Wacce: Layin Wurin Haihuwa a Takardar Kotu

Takardar haihuwa ta Kamaru tana tambayar wurin haihuwa har sau uku: na yaro, na uba, na uwa. Kowane layi kalma ɗaya ko biyu yake ɗauka, shi ya sa ba a cika kula da shi ba. Mu masu buga wa jama'a takardu a Garwa kuwa mun saba ganin dosiye, wato tarin takardun da mutum ya miƙa, ya dawo daga kotu ko daga ofishin magajin gari saboda shi. Kusan kullum dalilin guda ne. An tambayi mutum gari ya ba da sunan ƙasa, kuma bai yi ƙarya ba, don garin da ƙasar suna ɗaya suke amsawa.

Dosiyen da zan bi da ku na wani yaro ne ɗan ajin ƙarshe na firamare. A gida aka haife shi, ba a kai sanarwa ba cikin kwana 90 da doka ta bayar, shekaru suka shige, ga jarrabawar CEP ta kammala firamare ta matso. Wanda ya kai nan, hanyar da aka saba bi ita ce hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif, wanda zai umarci magajin gari ya rubuta haihuwar a rajista. Uwar yaron ce ta zo da ƙanen mijinta. Da na tambayi wuraren haihuwa aka ce yaro Garwa, uwa Kano, uba Adamawa. A hira duka ukun daidai ne, amma babu ɗaya da zai shiga takarda a haka.

Da na yaron ake farawa, don shi ke nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa. Sunan Garwa a yau yana kan abubuwa da yawa. Akwai garin kansa. Akwai arrondissement, wato ƙananan gundumomin mulki, uku tun 2007, Garoua I, II da III, kowanne da sous-préfet nasa, wato jami'in gwamnatin da ke riƙe da shi, da magajin garinsa da rajistarsa. Akwai communauté urbaine, hukumar birnin da ta haɗa ukun, akwai kuma masarautar Lamiɗo da ta girmi duk waɗannan hukumomi. Kafin wannan rabo ma Garwa biyu ce a takarda, ta birni da ta karkara, saboda haka tsohuwar takardar da aka rubuta wa Garoua ba lallai tana nufin cikin gari ba. Sai kuma al'adar baki: mutumin Pitoa ko Gashiga ko Ngong in ya je Duwala, ɗan Garwa yake kiran kansa, alhali kowannensu da nasa ofishin magajin gari.

Tambayar da ke warware wannan ba "wane gari" ba ce. Unguwa ko ƙauye ake tambaya, da jauro, wato mai unguwa ko dagacin da ke riƙe da wurin, da ko wannan gefen gadar kogin Binuwai ne ko ƙetare. Na ce, "Hajiya, ranar suna a ƙofar wa aka yanka ragon?" Ta ce a gidan surukinta ne, Jalingo, ƙetaren gada. Ke nan Garoua III, mai ofishi a Bocklé. A takarda kuma Djalingo za a rubuta, yadda hukuma ke rubuta shi. In ka cire harafin farko, mai karantawa na iya ɗaukar babban birnin Jihar Taraba ta Najeriya ake nufi, ka mayar da yaro haifaffen wata ƙasa.

Takarda ta farko da za a kai wa kotu ita ce attestation de non-existence de souche, shaidar cewa an duba rajista ba a ga haihuwar ba. Dole ta fito daga ofishin da ya kamata a ce an rubuta yaron tun farko. A nan mutane ke asarar kuɗi: wanda ke zaune a cikin gari yanzu sai ya nufi ofishin da ke kusa da gidansa, a duba, a ba shi shaida cewa babu. Ai dama ba za a samu ba, tunda ba can aka haife shi ba. In alƙali ya ga shaidu suna cewa Djalingo, takardar kuma tana ɗauke da hatimin wani arrondissement, zai iya ɗage zaman a koma a sake. A kuma tambaya ko akwai ƙaramar cibiyar rajista, centre secondaire, da ke kula da ƙauyen, a duba can ma. Yakan faru kaka ko kawu ya yi wa yaro rajista bai gaya wa kowa ba, takardar ta ɓata, kuma yaro mai takardun haihuwa biyu ya fi wanda ba shi da ko ɗaya shiga matsala.

Ta biyu certificat d'âge apparent ce, likitan asibitin gwamnati ya dubi yaron ya ƙiyasta shekarunsa. A riƙe katin rigakafi in akwai, da takardar makaranta, don shekarar da likita zai rubuta kada ta saɓa da wadda ke rajistar makaranta. Sannan a rubuta takardar roƙo zuwa ga shugaban kotu, a manna mata tambur, wato kan sarki na hukuma, wanda ya koma sefa 1,500 tun 2023, a haɗa da kofin katin shaida na iyaye da na shaidu biyu da suka san haihuwar. In auren iyayen na masallaci ne kawai, ba a ɗaura a gaban magajin gari ba, a roƙi kotu a cikin wannan takarda ta haɗa da reconnaissance, wato uba ya amsa ɗansa a gaban hukuma, kuma ya zo da kansa. In ba haka ba layin uba na iya fitowa fayau.

A takardar roƙon ne aka zo kan Kano. Na ce, "Hajiya, cikin birni ko waje?" Ta ce, "Haɗeja ne, Malam, ai duk Kano ce." Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabuwa gida huɗu, an lulluɓe ta da leda. A jiki an buga Hadejia, ƙasansa Kano State. Takardar ba ta yi kuskure ba, don an bayar da ita kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka yanke Jigawa daga Kano. Yau Haɗeja tana Jigawa, babban birnin jihar kuma Dutse.

Abin da ya sa Kano ta zama sunan wuri biyu ya girmi Najeriya da Kamaru duka. A ƙasar Hausa birni ne ke haifar da ƙasa. Sarki yana zaune cikin ganuwa, hakimai suna riƙe masa garuruwa, haraji yana shigowa birni, sai duk inda ikonsa ya kai a kira shi da sunan inda yake zaune, kamar yadda ake kiran gida da sunan maigida ko mutum arba'in ke kwana a ciki. Mutanen da suna rarrabewa, su ce birnin Kano, su ce ƙasar Kano, haka birnin Katsina da ƙasar Katsina. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 ba su ƙirƙiro sabon suna ba. Sun kafa lardi, suka ajiye Razdan inda sarki mafi girma yake, suka sa wa lardin sunan garin. Sai dai lardin ya fi masarautar faɗi, ya haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure, waɗanda kowaccensu da sarkinta. Ta nan ne Bahaɗeje ya zama ɗan Kano a takarda ba tare da ya taɓa zama talakan Sarkin Kano ba. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba Najeriya jihohi 12, lardin Kano ya zama Jihar Kano da sunansa. A 1976 Murtala ya kai su 19, ya kuma kawar da sunaye irin su Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma, sai ga Sakkwato da Bauchi da Kaduna. Katsina ta biyo a 1987, Gombe a 1996.

Kaduna ita ta wata hanya ta bi. Ba tsohuwar masarauta ba ce, gari ne da Turawa suka gina a bakin kogin Kaduna suka mayar da shi hedikwatar Arewa, jihar ta ari sunan saboda can gwamna yake, alhali Zariya da ke cikinta ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Kuma haɗa suna bai tabbatar da cewa garin ne babban birni ba. Gwamnan Jihar Legas a Ikeja yake zaune, na Oyo a Ibadan, na Nasarawa a Lafiya, duk da akwai garin Oyo da garin Nasarawa. A Amurka ma gwamnan Jihar New York a Albany yake. Alhazai kuma sun sani, wanda ya sauka Jidda ya riga ya shiga lardin Makka a lissafin hukumar Saudiyya, amma bai ga Ka'aba ba tukuna.

Ga mai cike takarda, amfanin wannan tarihi shi ne sunan jiha yana motsi, sunan gari yana nan inda yake. Wanda aka haifa a Gusau kafin 1996 takardarsa Sokoto State za ta ce, yau kuwa Zamfara ne. Na Gombe kafin 1996 Bauchi State, na Daura kafin 1987 Kaduna State, na Damaturu kafin 1991 Borno State. Na Yola da Mubi da Jalingon Najeriya suna riƙe da takardu masu Gongola State, jihar da babu ita yanzu. Saboda haka a layin uwa muka rubuta Hadejia, muka bi shi da Nigeria, ba mu sa jiha ba sam. Takardun Najeriya da Turanci suke, Turanci kuma harshen hukuma ne a Kamaru, ba sai an biya mai fassara ba. Abin da ya rage a wuyan iyalin shi ne yayyen yaron biyu, waɗanda a takardunsu an riga an rubuta uwar née à Kano. Ba ya hana su komai a yau, amma ranar da aka jera takardun gida gaba ɗaya, wajen gado ko neman shaidar zama ɗan ƙasa, za a ga uwa ɗaya da garin haihuwa biyu, a nemi bayani. Na fi son a bi takardar uwar ta asali a gyara na baya in hali ya yi, da a ci gaba da kwafar kuskure don kawai takardu su yi kama da juna.

Na uban ya fi sauƙi, ko da yake ya fi haɗari. Adamawa ba gari ba ne ko kaɗan, sunan ƙasa ne da aka ɗauko daga Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa Yola a 1841. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar kuma ta faɗa ɓangaren Jamus. Shi ya sa yau Adamawa biyu ce: jihar Najeriya mai hedikwata a Yola, da Adamaoua ta Kamaru mai hedikwata a Ngaundere, wadda aka yanka a 1983 lokacin da aka raba tsohuwar Arewa gida uku. Shaida ya tsaya gaban alƙali ya ce uba ɗan Adamawa ne, ga uwa haifaffiyar Najeriya, ya buɗe ƙofar tambaya kan ƙasar yaron ba gaira ba dalili. Katin uban Banyo ya ce, Banyo muka rubuta. Irin wannan tarko na nan a Binuwai, wadda ke jiha a Najeriya mai hedikwata a Makurdi kuma département, wato babbar gunduma a ƙarƙashin jiha, a nan Kamaru mai hedikwata a Garwa, kogi ɗaya ne ya ba su suna. Haka Kebbi ta Najeriya ba ta da haɗi da Mayo-Kebbi ta Cadi.

Wanda ya saba da tsarin Najeriya yakan yi mamaki da bai ga Jihar Garwa ko Jihar Marwa ba. Faransa ce ta kawo wannan. Tun 1790 da ta raba ƙasarta département-département ta sa musu sunayen koguna da duwatsu, don a manta da tsofaffin larduna da masu sarautarsu. A Kamaru da farko da sunan gari ake kiran yankunan mulki, daga baya a shekarun 1930 aka koma ga sunayen ƙasa da ruwa, kuma haka abin ya zauna. Garwa tana Bénoué, Marwa tana Diamaré, Ngaundere tana Vina, Kuseri tana Logone-et-Chari, Gidar tana Mayo-Louti, Poli tana Faro. Jihohin Kamaru goma kuma, waɗanda suka tashi daga province zuwa région a 2008, yawancinsu kusurwa kawai suke nunawa. To amma abin da aka kora ta sama ya dawo ta ƙasa, don arrondissement kusan duka sunan garin da sous-préfet ke zaune suke ɗauka, Pitoa da Lagdo da Bibémi da sauransu, kowanne kuma da ƙauyuka masu yawa a ƙarƙashinsa. Akwai 'yan kaɗan da suka saɓa, su ne ke rikita baƙo: Ngong hedikwatar Tchéboa ce, Gashiga ta Demsa. Rey-Bouba kuwa gari ce, masarauta ce, arrondissement ce, amma préfet, shugaban département ɗin Mayo-Rey da take ciki, a Tcholliré yake.

Ba kowace ƙasar da Faransa ta mulka ce ta bi wannan ba. A Nijar kowace jiha sunan babban garinta take amsawa, Maraɗi, Tawa, Doso, Agadas, Difa, Zinder, saboda haka duk wanda ya kawo takarda daga can, tambayar da aka yi wa Hajiya ita za a yi masa. Mutumin Tasawa zai ce maka Maraɗi, na Magarya ya ce Damagaram. Cadi ta fi kama da mu: Abeche tana Ouaddaï, Mundu tana Logone Occidental, Bongor tana Mayo-Kebbi Est, Mao tana Kanem. Njamena ce ke tsaye ita kaɗai, gari kuma lardi a lokaci guda cikin larduna 23. Abin lura a takardun Cadi shi ne tsofaffin sunaye. Dattijon da aka haifa a Njamena kafin 1973 takardarsa Fort-Lamy za ta ce, na Sarh kafin 1972 kuma Fort-Archambault, kamar yadda tsofaffin takardun Kuseri ke cewa Fort-Foureau. Yadda aka gani a takardar asali haka ake kwafa, ba a sabunta wa mutum garin haihuwa.

Ranar zaman kotu abin ba ya daɗewa. Ana kiran suna, uwa da uba da yaro da shaidu su matso, alƙali ya tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya inda aka haifi yaron da lokacin da yadda suka sani. Kafin a shiga a zauna da su a tabbatar kowa ƙauyen zai ambata. Ba koya musu ƙarya ba ne, hana su gajarta gaskiya ne, don dattijo in an tambaye shi da Faransanci ta bakin tafinta, Garwa zai ce ya yi shiru, magatakarda kuma abin da ya ji zai rubuta. Shaidar da ta fi nauyi ita ce ta wanda ya halarci suna ko matar da ta karɓi haihuwar. Wanda kuɗin kotu ya yi masa yawa ya saurari sanarwar audience foraine, zaman da alƙalai ke fita garuruwa su yi wa yara da yawa hukunci a rana ɗaya. Shugabannin makarantun firamare su ne kan fara jin labarinsa.

Bayan hukunci akan jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika, a karɓi kofin hukuncin daga ofishin magatakardan kotu tare da shaidar cewa ba wanda ya ɗaukaka, a kai ofishin magajin garin da hukuncin ya ambata, ba wani ba. Sakataren rajista zai kwafe abin da ke cikin hukuncin harafi da harafi. Don haka karatu biyu ne wajibi. Na farko a kotu, kafin a bar harabar: sunan yaro, ranar haihuwa, da wuraren nan uku. In kuskuren na bugu ne, a nuna shi nan take tun dosiyen yana kusa. Na biyu a gaban sakatare, kafin magajin gari ya sa hannu. Da zarar an sa hannu an buga hatimi, ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwa, gyara sai da wani hukuncin kotu, da sabon tambur da sabon jira. Takardar yaron ta fito da Djalingo, Banyo da Hadejia, aka yi kofi aka kai shaidar hukuma, aka miƙa wa makaranta.

Layin nan zai bi yaron har girma. Katin shaidar ɗan ƙasa, wanda tun 2025 ake fara nemansa ta intanet a biya sefa 10,000, daga takardar haihuwa yake kwafar wurin, fasfo kuma daga su biyun. Takardar shaidar rashin laifi, bulletin n° 3, a kotun yankin da aka haifi mutum ake nemanta, wanda kuwa aka haifa a wata ƙasa sai ta ma'aikatar shari'a a Yawunde. Da an bar Jalingo ba harafin farko wani ya ɗauke ta ta Taraba, da tafiyar da za a yi cikin Garwa da babur ta zama ta Yawunde.

Fom ɗin gasar shiga aikin gwamnati kuma yana da wasu layuka biyu da ake rikitawa da wannan, région d'origine da département d'origine. Su ba wurin haihuwa suke tambaya ba, asalin iyaye suke nufi, galibi na uba, kamar state of origin a Najeriya. Yaron nan a layin haihuwa Djalingo zai sa, in an nemi département na haihuwa ya sa Bénoué, a layin asali kuwa Adamaoua da Mayo-Banyo.